Ƙugi a Bayan Gangar Labbo

Argungu,
9 ga Agusta, 1985.

Zuwa ga ɗana Atiku, Nasarawa, Birnin Kebbi.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da iyalinka, da fatan aikin kwaleji bai fi ƙarfinka ba. Mu nan sai godiyar Allah. Ruwa ya zauna, gulbi ya fara shiga fadama, gwiwata kuma tana gaya mini hadari tun kafin masu rediyo su sani. Ƙanwarka Ma'u tana gaishe ka. Mahaifinka Labbo bai ce a gaishe ka ba, ka san ba ya cewa, amma tun safe shina tambayata ko motar Birni ta shigo, shi da ba ya da kowa a Birni in ka ji ta bakinsa.

Jikin nasa sai a hankali. Ƙafafun sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, in ya taka daga ɗaki zuwa zaure sai ya zauna ya nemo numfashi. Amma hannu shina nan. Hannun nan, ko ni da nake taubashinsa, wanda aikina ne in kushe shi, ban sami abin cewa ba.

Maliki direba ya kawo rikoda da makirfo da kaset biyu, da takardarka. Na ga inda ka ce ko ka zo da kanka ka ɗauki kiɗan nasa. Kada ka fara. Kai ɗan fari ne, kunyar da ta sa gwaggonka ta ɗauke ka tun yaye ba ta tsufa ba don shi ya tsufa. Mutumin da bai taɓa kama sunanka ba, sai dai ya ce "na Birni", ba zai rataya ganga kana zaune kana kallon hannunsa ba. In ka shigo ta ƙofa, gular kiɗa ta koma ƙarƙashin tabarma ke nan. Bar ni da shi.

Na ce masa, "Ga akwati an aiko. Shina son taken gidajen masunta duka, waɗanda kake kaɗa ma ranar su, ranar kamun kifi, har da na gidajen da sunka ƙare."

Ya ce, "Wa ya aiko?"

Na ce, "Wani mutum."

"Mutumin shina da hankali?"

"Ya fi ubanai."

Ya yi dariya har tari ya kama shi, sa'annan ya ce ma Ma'u ta sauko da tsohuwa. Ka san wadda yake nufi, gangar kakanka Abdussamadu, wadda ba ta fita sai ranar shiga ruwa. Fatar da ke kanta kakanka ya ɗinka ta da hannunsa shekarar da zai rasu. Ta yi baƙi wul da man hannu, in an taɓa ta sai ka ce ana magana daga cikin rijiya.

Cikin ɗakinsa munka yi, tunda can ka sa muna wutar lantarki bara. Na kunna dogon ƙwan fitila don in ga maɓallai, na kunna fanka saboda numfashinsa, na sa rikoda ga soket. Wayar makirfon gajera ce, to akwai sauran wayar wuta da masu aikinka sunka bari, na feƙe na ƙulla ta yi tsawo, na rataye ta kan ƙusoshin da wayar bango take bi don kada kaji su harɗe. Ka ga tsohon malamin firamare bai rasa dabara ba.

Daga hantsi har kiran azahar shina kiɗa shina hutawa. Kowane gida sai ya faɗi sunansa da na kakan gidan, sa'annan ya kaɗa. Akwai waɗanda rabona da su tun ina riƙe da zanen tsohuwata bakin gulbi. Da ya kai ga taken gidan Tamba, gidan da ba wanda ya rage cikinsa, Ma'u ta bar daka ta zo ta tsaya bakin ƙofa. Kaset ya cika gaba da baya. Ya aje gula ya ce, "Ke nan. Abin da ubana ya ba ni ga shi cikin akwati, wanda ya ga dama shi ɗauka."

Munka so mu ji, sai wuta ta ɗauke, ba ta dawo ba har yanzu da Maliki ke tsaye kaina shina kaɗa makulli. Ga kaset nan, kai za ka fara ji. Ka rubuto.

Ni ne babanka,
Arzika.


Birnin Kebbi,
12 ga Agusta, 1985.

Zuwa ga Baba Arzika.

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi, da jikin tsoho. A gaishe mini da Ma'u. Mu duk lafiya.

Baba, a tsaye nake rubutun nan, motar kwaleji tana jirana. Za mu Yauri haɗa wuta a wata makaranta, ban san ranar dawowa ba. Na ji kaset. Akwai ƙugi mai ƙarfi a ƙarƙashin kiɗan tun daga farko har ƙarshe, kuma duk inda ganga ta ɗan tsaya sai ya taso ya rufe wutsiyar sautin. A haka ba shi da amfani, dole a sake. Na mayar muku da shi ku ji da kunnenku. In na dawo zan rubuto yadda za a gyara.

Ɗanka,
Atiku.


Argungu,
2 ga Satumba, 1985.

Zuwa ga ɗana Atiku.

Gaisuwa, in ta same ka. Na rubuta, na sake rubutawa, Maliki ya ce iyalinka sun ce har yanzu kana Yauri. Allah ya sa mutanen Yauri sun ga haske. Mu nan gwiwa tana nan yadda ka san ta, Ma'u ta yi zazzaɓi ta tashi. Kumburin Labbo ya haura gwiwa, abinci kuma sai an yi faɗa.

Ka san yadda muke yi da takardunka. Ba a kai ma uba takardar ɗan fari, shi ma ba ya tambaya. Nikan zauna zaure in karanta da ƙarfi kamar mai koyon karatu, shi kuma ya juya mini baya shina gyaran wani abu da bai lalace ba. Haka munka yi da ta ƙarshe da ka aiko. Gajera ce, na zaci albishir ne, ban duba ba na buɗe baki. Kafin idona ya ga inda za ta, bakina ya riga ya ce "ba shi da amfani."

Bai juyo ba. Can ya ce, "Kunna."

Munka kunna. Gaskiyarka, ƙugin shina nan, zuuu, kamar an rufe ƙudan zuma cikin tulu. Ya sa kunne shina saurare irin yadda makiyayi ke sauraren cikin saniya. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Ka ji? Bayan bugu take yi. Wanga ciwon ganga na. Kunnena ya tsuhwa ban ji ba, akwati ya ji."

Na ce, "Ko dai akwatin ne?"

Ya ce, "Akwati shina da hwata? Shina da zaga? Abin da ba ya da ciki, da mi zai yi ƙugi? Kai dai koyar da ɗiyan mutane baƙi ka iya."

Ni ma ban sani ba, kai kuma ba ka faɗa ba. Ya fara da zaga, igiyar nan da ke kwance kan fata tana ba ta ziza. Ya cire ta, munka gwada kan kaset na biyu, ƙugi shina nan. Ya gasa fata bakin garwashi, ya ja tsarkiya ɗaya bayan ɗaya har jijiyar wuyansa ta tashi, munka sake, ƙugi shina nan. Na ce mu jira na Birni ya dawo. Ya ce, "Na Birni ya riga ya hwaɗi tashi."

Ana haka anka yi rasuwa Gulma, na tafi gaisuwa na kwana. Da na dawo na tarar da tsohuwa tsirara, ice kawai, an jingine ta ga bango. Fatar kakanka tana kan tabarma, an raba ta biyu da aska. Ma'u ta ce ta roƙe shi, ya ce ta fita. Ni kuma ya ce mini fatar ta mutu tun tuni, kunya ta hana mutanen gari su gaya masa, sai da anka sami wanda bai san kunya ba. Ko akwati yake nufi ko kai, ban tambaya ba.

An yanka ɗan akuyar Ma'u, fatar tana wurin majemi. Amma damina ce, rana ba ta kai azahar sai hadari ya rufe ta, fata ta ƙi shan iska. Labbo kullum shina aikawa a tambayo, kullum ana ce masa tukuna. Kaset na farko kuwa ya zare shi daga rikoda da kansa ya sa aljihun taguwa, da shi yake kwana, da shi yake salla.

In kana da abin da za ka ce game da wanga ƙugi, ka faɗe shi duka, kada ka rage don mota tana jira.

Babanka,
Arzika.


Birnin Kebbi,
10 ga Satumba, 1985.

Zuwa ga Baba Arzika.

Ina gaishe ka, ina gaishe da Ma'u, Allah ya ba tsoho sauƙi. Jiya na dawo na tarar da takardunka. 

Baba, gangar ba ta da laifi ko kaɗan. Ƙugin wutar lantarki ne. Wutar da ke bin waya tana kaɗawa, kunne ba ya ji, amma duk wayar da ta kwanta kusa da ita takan kwashi wannan kaɗawar ta kai cikin rikoda. Wayar makirfo ta gaske tana da saƙar ƙarfe a cikinta da ke kare ta. Wadda kuka ƙulla tsirara ce, ga shi kuma ta bi bango kafaɗa da kafaɗa da wayar wuta. Dogon ƙwan nan da fanka su ma suna zuba nasu, soket ɗin kuma ba shi da waya mai shiga ƙasa. Tasowar da ƙugin ke yi bayan bugu, rikodar ce take ƙara wa kanta ji duk lokacin da aka yi shiru. Na san wannan duka tun ranar da na ji kaset. Ban taɓa kawowa a raina wani zai zargi ganga ba.

Ga abin da za a yi. Na ba Maliki batura da waya mai saƙa, doguwa, daga shagon Folorunsho mai gyaran rediyo. Ku cire ƙullin da kuka yi, ku sa wannan. Kada a sa rikoda a soket, a yi da batir. A kashe wutar gidan gaba ɗaya daga babban maɓalli na zaure, ba na ɗaki kawai ba. Wayar ta bi tsakiyar tabarma, nesa da bango, kada a naɗe ragowarta kamar gammo. A ɗora makirfo kan matashi, kamu ɗaya daga bakin ganga. Kafin a kaɗa komai ku ɗauki shiru tukuna ku saurara. In kuna so ya yarda, ku fara ɗaukar ɗakin yadda kuka yi da farko, ba ganga a ciki, zai ji ƙugin yana nan.

Abu mafi muhimmanci, kaset na farko. Yanzu shi kaɗai ke ɗauke da taken gidaje cikin muryar fatar kaka. Ko da ƙugin, a adana shi. A bayansa akwai ƴan haƙora biyu na roba, a karya su da ƙusa, in an karya ba ya sake ɗaukar komai a kai. Na janye maganar da na yi cewa ba shi da amfani. Ka karanta wannan layin da ƙarfi.

Zan zo ran Juma'a. Ba sai na shiga ɗaki ba, zan haɗa kayan in koma zaure.

Ɗanka,
Atiku.


Argungu,
12 ga Satumba, 1985.

Zuwa ga ɗana Atiku.

Takardarka ta iso da kaya, mun gode. Muna lafiya gwargwado. Ina sauri Maliki shi juya da wagga kafin ka kama hanya gobe.

Wannan karon na duba kafin in buɗe baki, kuma na karanta duka, har layin da ka ce. Bayan Labbo bai motsa ba. Bayan mutum dai ba ya da fuska, ban san abin da ya ji ba.

Munka yi gwajin da ka ce. Icen gangar ma na sa Ma'u ta fitar da shi tsakar gida, don kada a ce shi ne. Na kunna ƙwai da fanka, na maida tsohon ƙullina, munka zauna shiru ni da shi kamar masu jiran liman. Da na juyo da kaset na kunna, ga ƙugi, zuuu, ba abin da ya rage. Sa'annan na kashe wutar gida, na sa batir da wayar Folorunsho, munka sake zama. Wannan karon ba komai. Sai taɓaryar maƙwabta can nesa, sai numfashin Labbo, wanda ban san ya yi nauyi haka ba sai da na ji shi cikin akwati.

Ya ɗaga kai ya dubi dogon ƙwan. Sa'annan ya ce, "Ashe ɗaki na."

Na ce, "Ɗaki ne, da ƙullin malamin firamare."

Na ba shi ƙofa shi zage ni, irin zagin da munka saba tun muna tsirara bakin gulbi. Bai ɗauka ba. Ya kira Ma'u ya ce ina tsohuwar fata. Ashe ta adana ta cikin kwalla. Ya ɗora ɓari biyun kan cinya shina haɗa bakinsu, su rabu, ya sake haɗawa. Daga baya ya ce a kashe fitilar nan kada a sake kunna ta. Fankar ma ya hana, shina zaune cikin zufa.

Kaset kuwa, na roƙa. Na ce a ba ni in karya haƙora kawai in maido. Ya dafe aljihu ya ce, "Wanda zai ji bayan mun mutu, ya san waya? Ya san ƙwai? Cewa zai yi gangar Labbo na gurnani, kuma shina da gaskiya, abin da ya ji ke nan." Na bar shi. Zan yi dabara, in ya yi wanka ko barci ya ɗauke shi.

Kada ka zo gobe. Na san abin da zuciyarka ke gaya maka, amma ka ji ta tsoho. Mutum ya yanka fatar ubansa kan maganar ɗansa, sa'annan ya gane ba a kan komai ba. In ya ji takalminka zaure yanzu, ba zai sake taɓa gula ba har abada, kuma ba zai iya gaya maka dalili ba. Majemi ya ce in an sami rana kwana kaɗan fata ta yi. A ɗinka, a ɗauka, sa'annan ka zo a ce hanya ta biyo da kai.

Abu ɗaya ban so in rubuta ba. Shekaranjiya moɗa ta kuɓuce daga hannunsa na dama. Ya ce santsi ne.

Babanka,
Arzika.


Birnin Kebbi,
14 ga Oktoba, 1985.

Zuwa ga Baba Arzika.

Ina gaishe ka, ya ƙarin haƙuri. Allah ya jiƙan tsoho, ya sa ya huta. Mun iso gida lafiya. Ka gaya wa Ma'u maganar da muka yi tana nan, in ta gama abin da take yi ɗakinta yana jiranta a nan.

Baba, duk zaman makokin ban iya tambayarka komai ba, mutane sun yi yawa, kai ma na ga ba ka son mu keɓe. Na iso an riga an kai shi, wannan na bar wa Allah. Na ga ganga a rataye da sabuwar fata. An sami ɗauka kafin jikin ya rikice?

Ko ba a samu ba, akwai labari mai daɗi. Folorunsho ya haɗa wata ƴar na'ura da ke tace ƙugin wuta daga kaset. Na ɗauki kiɗa da gangan kusa da dogon ƙwai, muka bi da shi ta ciki, ƙugin ya faɗi ƙwarai. Gangar takan rasa ɗan kaurinta, amma kowane bugu yana fita. Ka ba Maliki kaset na farko, ka naɗe shi da kyau, kada ya ajiye shi a gaban mota cikin rana.

Ɗanka,
Atiku.


Argungu,
18 ga Oktoba, 1985.

Zuwa ga ɗana Atiku.

Na amsa gaisuwarka, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Ma'u ta ji saƙonka. Ni ina nan, zaure ya yi mini faɗi.

Gaskiya ne ban so mu keɓe ba. Ga kaset na farko Maliki ya kawo maka. Ka karanta wagga kafin ka kunna.

An sami rana, fata ta yi. Shi ya ɗinka ta, Ma'u tana ja masa tsarkiya, don yatsun dama sun daina kama igiya. Ranar da za a ɗauka na kashe wutar gida, na shimfiɗa waya tsakiyar tabarma, na ɗora makirfo kan matashi, na sa kaset na biyu. Ya ce, "Hidda wancan." Ya zaro na aljihu.

Dabarar da na ce zan yi ban sami yi ba. Ko wanka zai yi sai ya tura shi cikin hula.

Na ce, "Labbo, wanga akwai muryar ubanka ciki."

Ya ce, "Kai ka san ƙa'ida. Makaɗi in ya ɓata taken gida, ba ya zuwa wata ƙohwa shi gyara. Nan inda ya ɓata yake tsayawa shi rufe shi da mai kyau. Ka ce akwatin ga in an kaɗa bisa, na ƙasa shina mutuwa?"

Ni na gaya masa haka tun farko, lokacin ina nuna gwaninta.

Na ce ba zan danna ba. Ya ce to shi ma ba zai kaɗa ba, kuma kaset shina binsa kabari ko gulbi, in zaɓa. Na san shi shekara da shekaru, ba ya ba da tsoro da abin da ba zai yi ba. Na auna. Na ce a raina, in ya kaɗa kamar wancan karon, ga take duka fes, fatar kaɗai munka rasa. Shi ya saka kaset da hannun hagu, ni na danna.

Taken farko ya fita. Sabuwar fata muryarta sama take, kamar budurwa, amma ya fita. Na biyu ya kai tsakiya gula ta faɗi. Ya ɗauka ya sake daga farko. Ta sake faɗuwa. Ma'u ta zo ta ɗaure masa ita ga hannu da gefen ɗankwali. Daga nan hannu shina zuwa, amma ba lokacin da anka kira shi ba. Bugun da ya kamata ya zo uku sai ya zo biyu, na ukun ya iso bayan an wuce. Shi ma shina ji. Yakan tsaya ya huta, ya faɗi sunan gida da na kakan gida daidai, ba wanda ya ɓace masa, sa'annan hannu ya kaɗa wani abu dabam.

Na miƙa yatsa zan tsayar, don in ceci abin da ya rage a ƙasa. Idonsa na kan ƴan ƙafafun nan na kaset masu juyawa. Ya ce, "In ka tsai da ita, kai ka ce na kasa." Na janye hannu. Da gefe ya ƙare ya ce in juya, na juya. Ka ce mini raggo in kana so, na faɗa ma kaina kafin kai. Taken gidan Tamba, sunan kawai ya faɗa, ya ɗaga gula, bai sauke ta ba har tsawon lokacin da taken ke ci, sa'annan ya kira gida na gaba. Haka har kaset ya buga ƙarshe.

Bai ce a kunna ba. Na rage murya ƙasa-ƙasa, na sa kunne ni kaɗai na ɗan ji farkon. Ya ce, "Akwai ƙugi?"

Na ce, "Babu."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ya ce, "To a kai ma na Birni, shi ji ko ta gyaru."

Washegari ɓarin dama duka ya tafi, da baki. Sauran ka sani. Yakan bi ni da ido in na shigo daga tasha, ni kuma kaset shina aljihuna ban aika ba, don ban san amsar da zan roƙe ka ka rubuto ba. Na bar shi shina zaton hanya ce ta yi nisa.

Sunayen gidajen duka suna ciki, wannan dai ka samu. Ana jin gula in ta faɗi, ana jin Ma'u tana ƙulli, ana jin numfashinsa kamar shina zaune kusa da kai. Wayarka ta yi aiki. Ka gode ma Folorunsho, ka ce masa ya aje na'urarsa, babu abin tacewa.

Ka ji shi kai kaɗai, ka rufe ƙofa.

Wassalam, babanka,
Arzika.